Kun Tambaya, Mun Amsa: Fargabar Saudiyya, Nukiliyar Iran da Uraniyom ɗin Arlit

Wasiƙun da suka shigo wannan karo kusan duka a kan magana ɗaya suka taru: shirin nukiliyar Iran, ɗari-ɗarin da maƙwabtanta na Tekun Fasha ke yi, da yadda sunan Nijar ke faɗawa cikin zancen duk lokacin da aka tayar da shi. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Wani Alhaji, ɗan kasuwa a Katako, Yamai: Assalamu alaikum. Kullum in na kunna rediyo sai in ji wai Saudiyya na tsoron nukiliyar Iran. To ba sun shirya ba a ƙasar Sin? Kuma Iran ta ce lantarki take nema. Mene ne abin tsoron?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sun shirya, gaskiyarka. Ranar 10 ga Maris 2023 a Beijin suka amince su maido da hulɗar jakadanci da ta katse tun Janairun 2016, lokacin da Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan Shehu Nimr al-Nimr, masu zanga-zanga kuma suka afka wa ofishin jakadancinta a Tehran. Sai dai buɗe ofishin jakadanci daban, sakin jiki daban. Tsamin ya daɗe, tun juyin juya halin 1979 da arangamar Makka a hajjin 1987 inda mutane sama da 400 suka rasu. Abin da ya fi tsaya wa Riyad a rai shi ne asubar 14 ga Satumba 2019, da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka faɗa wa masana'antar mai ta Abƙaiƙ da rijiyoyin Khurais. Nan take ganga miliyan 5.7 a rana ta tsaya, kusan rabin abin da ƙasar ke haƙowa. Ƴan Huthi na Yaman suka ce su ne, Saudiyya da Amurka suka ɗora wa Iran, Iran ta musanta. Amurka kuwa ba ta rama wa ƙawarta ba.

Daga nan lissafin masarautar yake tashi. Da wuya ka sami masani da ke ganin Iran za ta jefa wa Riyad bam. Abin da ake gudu shi ne bam ɗin ya zama mata garkuwa, ta yadda in ita ko ƙawayenta suka kai irin wancan hari, ba mai ƙarfin halin mayar da martani. Shi ya sa Yarima Muhammad bin Salman ya faɗa a tashar CBS a Maris 2018 cewa in Iran ta ƙera bam, Saudiyya za ta bi sahu ba da ɓata lokaci ba, ya kuma maimaita a Satumba 2023.

Akwai wani tsoron da ba a cika ambata ba, na ruwan sha. Tashar lantarki ta nukiliya da Iran ke da ita a Bushehr tana bakin Tekun Fasha ne, ta fi kusa da Kuwait da Doha a kan Tehran. Ƙasashen gaɓar nan ruwan teku suke tacewa su sha. In hatsari ko harin bam ya gurɓata tekun, famfo ne zai ƙafe a biranen da ba su da kogi ko ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Saudiyya ta yi tir da harin da Isra'ila ta kai wa Iran ranar 13 ga Yuni 2025. Tana tsoron Iran mai bam, tana kuma tsoron yaƙin da za a yi don hana ta, tunda a ƙofar gidanta za a yi shi.

Wata ɗaliba a jami'a, Harobanda: Ina jin ana cewa Iran ta tace uraniyom zuwa kashi 60 cikin 100, bam kuma sai an kai kashi 90. Ai da sauran tafiya, ko? Don Allah a warware mini.

Ƴar'uwa, tafiyar da ta rage ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba, kuma nan ne yawancin mutane ke ruɗewa.

Uraniyom iri biyu ne a cakuɗe tun daga cikin ƙasa: mai lamba 238 da mai lamba 235. Na biyun shi ke ba da wuta, kuma shi ne ƙanƙani, kashi 0.7 cikin 100. Ki ɗauka kin zuba tsaba 1,000 a faifai, 993 dawa, 7 gero, geron kike so. Kafin gero ya zama kashi 5 cikin 100, matakin da tashar lantarki ke amfani da shi, sai tsabar faifan ta koma 140, wato kin fidda dawa 860. Kafin ya kai kashi 20, sai ta koma 35. A kashi 60 tsaba 12 ta rage. A kashi 90, takwas. To duba: daga farko zuwa kashi 60 kin tsince dawa 988, daga 60 zuwa 90 saura huɗu kacal. A masana'anta wani geron yana bin dusa, don haka lissafin ba ya fita cif haka, amma siffarsa ke nan. Wanda ya kai kashi 60 ya gama kusan duk aikin.

Wahalar tana wajen tsincewar. Iri biyun ba su da bambancin launi ko na haɗin sinadari, sai ɗan nauyi da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin 100. Don haka ake haɗa uraniyom da sinadarin fuloro ya zama iska idan ya ɗumama, a tura iskar cikin doguwar silinda mai juyi kamar katantanwa. Tsohon injin Iran, IR-1, yana juyawa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Mai nauyi ya matsa jikin bango, marar nauyi ya taru a tsakiya. Abin da inji ɗaya ke rabawa bai taka kara ya karya ba, sai an jera su, wannan ya miƙa wa wancan. Jerin farko a masana'antar tacewa ta Iran da ke Natanz inji 164 ne kowanne. Injin ba ya son wargi. Ɗan karkacewa a silinda, ko rawar wutar lantarki, ko danshi da ya shiga bututu ya haɗu da iskar ya zama ruwan guba mai cin ƙarfe, sai inji ya tarwatse. Da wannan rauni cutar kwamfuta ta Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta yi amfani: ta riƙa sauya gudun injinan har kimanin 1,000 suka lalace.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, tana da ma'auni: kilo 25 na mai lamba 235 shi ne abin da ba za a iya kore yiwuwar ya isa bam ɗaya ba. A matakin kashi 60, wannan ya kama kusan kilo 42. Rahotonta na Mayun 2025 ya ce Iran ta tara sama da kilo 400. Ba wata ƙasa marar bam da ke tacewa zuwa wannan mataki, kuma Bushehr ba ta buƙatarsa, don Rasha ke kawo mata makamashi ta kuma kwashe tokar, wato ragowarsa bayan an yi amfani da shi.

Amma a yi adalci. Samun kayan miya ba shi ne miya ba. Sai an mai da iskar ƙarfe, an sassaƙa, an haɗa abin tayarwa, an ƙanƙanta shi ya hau makami mai linzami. AIEA ta ce a Disamba 2015 Iran ta yi tsararren aiki a wannan fanni kafin ƙarshen 2003, hukumomin leƙen asirin Amurka ma sun ce a 2003 aka dakatar da shi.

Wani direban kamyo, Tawa: Shekara da shekaru muna ganin motocin uraniyom suna ratsa garin nan daga Arlit. Shin abin da ke cikin gangunan nan bam ne? Kuma me ya sa Amurka ta zarge mu da Iran?

Sannu da hanya, Malam direba. Abin da ke cikin gangunan gari ne mai ruwan ɗorawa, wanda ma'aikatan Arlit ke kira uranat. Ana fasa dutse, a niƙa, a jiƙa shi da asid, a tsame ruwan, a kwantar da uraniyom ɗin, a busar, a ɗura a gangar ƙarfe a liƙe. Tan guda na dutse ƴan kilo kaɗan yake bayarwa. Garin nan har yanzu faifan nan ne mai gero 7 cikin 1,000, ba a tsince ko tsaba ɗaya ba. Ko an tara shi ya kai tudu ba zai fashe ba. Kafin a rufe iyakar Benin a 2023, hanyarsa ita ce Arlit, Agadas, Tawa, Ƙonni, Dosso, Gaya, har tashar ruwan Kwatano, daga nan zuwa Malvési a kudancin Faransa, sannan Tricastin inda ake tacewa. Nijar ba ta da masana'antar mai da shi iska, ba ta da injin tacewa ko ɗaya.

Haɗarinsa na kusa shi ne ƙura da sharar haƙa. Cikin kamfanonin haƙar, SOMAIR ta fara aiki a 1971, COMINAK a 1978, aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ta bar kimanin tan miliyan 20 na shara a Akokan, kusa da Arlit. Ƙungiyoyin CRIIRAD da Greenpeace sun auna tururi mai cutarwa a titunan garin da a jikin tsofaffin ƙarafan kamfani da suka shiga kasuwa. Duk wanda ke sayen ƙarfen gwangwan daga can ya yi hattara, kada a yi tukunya ko rufin ɗaki ko randar ruwa da ƙarfen da ba a auna shi ba. Wannan ya fi shafar iyalanmu a kan duk wani bam.

Zargi kuwa ba yau aka fara ba. A 2002 wasu takardu suka ɓulla masu cewa Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500. Amurka ta turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba Bush ya ce Saddam ya nemi uraniyom a Afirka. Ranar 7 ga Maris Muhammad al-Barada'i, shugaban AIEA, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sunan Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Mako biyu bayan wannan bayani aka afka wa Iraƙi. An shafa wa ƙasarmu kashin kaji, kuma abin da ya wanke ta shi ne bin diddigin takarda, sa hannu da kwanan wata.

Na baya-bayan nan: Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya je Tehran a Janairun 2024. A Maris tawagar Amurka ƙarƙashin Molly Phee ta zo Yamai ta tayar da maganar cinikin uraniyom da Iran. Hukumomi suka musanta, ranar 16 ga Maris kuma suka soke yarjejeniyar soja da Amurka. Ikon Nijar ne ta zaɓi mai sayen kayanta, wannan ba ja. Sai dai a san dokar kasuwar. Nijar tana cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, TNP, tun 1992, kuma ƙa'idar AIEA ita ce a sanar da ita yawan abin da aka fitar zuwa ƙasa marar bam da inda ya nufa. Game da Iran, ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya da suka dawo aiki a ƙarshen Satumba 2025 sun hana a sayar mata da uraniyom, ƙuduri mai lamba 1929 ya kuma hana ta zuba jari a haƙarsa a wata ƙasa. A aikace, banki ba zai wuce da kuɗin ba, kamfanin inshora ba zai rufe kayan ba, mai jirgin ruwa ba zai ɗauka ba. Ganga kowace da lambarta da nauyinta da sunan mai karɓa, ita ce kariyar ƙasa mai sayarwa.

Wani malamin makaranta, Bukoki: Yarjejeniyar 2015 da ake ta ambato, me ke cikinta, kuma me ya kashe ta?

Malam, an ƙulla ta a Biyana ranar 14 ga Yuli 2015 tsakanin Iran da Amurka, Rasha, Sin, Faransa, Ingila, Jamus da Tarayyar Turai. Ƙarfinta shi ne komai da lambarsa. Tacewa ba za ta wuce kashi 3.67 ba har shekara 15. Ajiya ba za ta wuce kilo 300 ba. Daga injina kimanin 19,000 da aka kafa, 5,060 ne za su yi aiki a Natanz har shekara 10. A Fordo, wadda aka haƙa a cikin dutse kusa da Ƙum, ba tacewa. Tukunyar nukiliya ta Arak, wadda za ta iya ba da pulutoniyom, wani sinadarin da shi ma ake ƙera bam da shi, aka cika ta da siminti. A Disamba 2015 aka loda kusan tan 11 na tataccen uraniyom zuwa Rasha. Manufar ita ce lokacin da Iran ke buƙata ta tara kayan bam ɗaya ya tashi daga wata biyu ko uku zuwa shekara guda, a sami sukunin gani da yin magana. Ita kuma a ɗage mata takunkumi.

Aikin masu bincike shi ne ƙashin bayan abin. Suna liƙa hatimi a kan silinda da ƙofofi, su kafa kyamara, su auna nauyi su gwada da abin da ke rubuce. Suna goga ɗan ƙyallen auduga a bango ko bututu, su rufe shi a leda, su aika ɗakin gwaji na Seibersdorf a Ostiriya. Ƙwayar ƙura ɗaya tana faɗin matakin da aka kai, ko an wanke ɗakin. Ta haka aka gano ƙwayoyi masu kashi 83.7 a Fordo a Janairun 2023. Iran ta ce hawa da saukar inji ne ba da niyya ba.

Abin da ya kashe ta yana da yawa. Ba ta bi ta majalisar dattawan Amurka a matsayin yarjejeniyar ƙasa ba, don haka sa hannun Shugaba Trump ranar 8 ga Mayu 2018 ya isa ya fid da Amurka, alhali AIEA tana tabbatar da Iran na cika alkawari. Turai ta ce tana nan, amma kamfanoninta irin su Total da Peugeot suka tattara nasu ya nasu saboda tsoron tarar Amurka. Iran ta ga ta biya kuɗi ba ta karɓi kaya ba. Daga Yulin 2019 ta fara ƙetare iyaka, Afrilun 2021 ta kai kashi 60, Yunin 2022 ta cire kyamarori 27. Saudiyya da maƙwabtanta kuma tun farko suna da ƙorafi mai tushe: ba a gayyace su teburin ba, ba a taɓa maganar makamai masu linzami ba, sharuɗɗan kuma masu wa'adi ne.

A 2025 Oman ta shiga tsakani, aka zauna sau biyar a Maskat da Rum, aka cije a kan abu ɗaya: Amurka ta ce ba tacewa a ƙasar Iran sam, Iran ta ce haƙƙinta ne. Kafin zama na shida Isra'ila ta kai hari, ranar 22 ga Yuni Amurka ta bugi Fordo, Natanz da Isfahan. A ganinmu nan aka yi babbar asara. Bam yana rusa gini da inji, ba ya goge abin da injiniya ya riga ya iya, kuma kilo 400 a cikin silinda kaya ne da ƴan motoci za su ɗauke. A farkon Yuli Iran ta sa dokar dakatar da aiki da AIEA, masu bincike suka fita. Iraƙi ma bayan an rusa mata tukunyar Osirak a 1981, shirinta ƙarƙashin ƙasa ya koma, ya kuma ƙara girma.

Wata Hajiya, Tawa: Ita Isra'ila fa, ba ta da bam ɗin ne? Me ya sa ba a tuhumarta?

Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Isra'ila ba ta taɓa cewa tana da shi ba, ba ta kuma musanta ba. Faransa ta taimaka mata gina tukunyar Dimona tun ƙarshen shekarun 1950, ma'aikacin wurin Mordechai Vanunu ya fallasa hotuna a 1986, cibiyar bincike ta SIPRI tana ƙiyasta mata kawunan makamin nukiliya kusan 90. Ba ta shiga TNP ba, kamar Indiya da Pakistan, don haka a doka ba ta saɓa alkawarin da ba ta ɗauka ba. Iran ta shiga tun 1970. Wannan amsar lauya ce, ba ta gamsar da mai neman adalci, mu ma ba ta gamsar da mu ba. Tun 1974 Iran da Masar suka kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar a tsarkake Gabas ta Tsakiya daga makaman nukiliya, ba a yi ba. Afirka ta yi nata: Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida ta wargaza su da hannunta, aka sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009.

Wani tsohon ma'aikacin lantarki, Yamai: In Saudiyya ta ga dama, za ta iya yin nata?

Baba, kuɗi tana da su, sauran kayan aikin ne da saura. Ta shiga TNP a 1988, kuma a ƙarshen 2024 ta bar sassaucin binciken da ake yi wa ƙasashe masu ƙaramin shiri, ta koma cikakken sa idon AIEA. Tana da makamai masu linzami da ta saya daga Sin tun shekarun 1980. Ranar 17 ga Satumba 2025 ta sa hannu da Pakistan, mai bam tun 1998, a kan cewa harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka biyun, abin da ya sa mutane da yawa ke tambayar ko inuwar bam ɗin Pakistan ta rufe ta.

Inda ake ja-in-ja shi ne tacewa. Dokar Amurka ta 1954, sashe na 123, ta ce sai an yi yarjejeniya kafin kamfanin Amurka ya sayar wa wata ƙasa fasahar nukiliya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa hannu a 2009, ta yafe tacewa da sarrafa toka gaba ɗaya, Koriya ta Kudu ta gina mata tukwane huɗu a Baraka masu ba da megawat 5,600, tana sayen makamashinsu daga waje. Saudiyya ta daɗe tana ƙin irin wannan sharaɗi. Ministan makamashinta, Yarima Abdul'aziz bin Salman, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna son haƙo nasu uraniyom, su tace, su sayar. Injin da ke kai kashi 5 kuwa shi ne ke kai kashi 90, bambancin yadda aka jera bututu ne da tsawon lokaci. A cikin yarjejeniyar Daular ta 2009 akwai sakin layi da ya ba ta damar neman a sake zama in wata ƙasa a yankin ta sami sharaɗi mafi sauƙi daga Amurka. Ranar da aka yarje wa Riyad ta kafa inji, Abu Dabi tana da takardar da za ta ɗauko.